Kwalbar maganin gazuwal: tana rage shan mai, ko kuɗinmu take sha?

Alhaji Lawali: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu sanin injin. Tun bayan damina Hilux ɗina ta ƙara shan mai, da safe kuma sai ta yi ta kakkarwa kafin ta daidaita. Yarona ya sayo mini wata kwalba a wajen Kasuwar Dole, jika huɗu, wai a zuba a tanki kafin a cika, tana wanke injekta, ta ƙara ƙarfi, ta rage shan gazuwal. Wani abokina mai zuwa Lome kuma ya ce can akwai gazuwal na musamman, Excellium, in mota ta sha shi sai ta koma kamar sabuwa. Akwai gaskiya a ciki ko talla ce kawai? Ban zuba ba tukuna.

Laminu Hiace: Wa alaikumus salam Alhaji. Zuba abinka. Ni a hanyar Gure nake, kuma ina zubawa. Hayaƙi ya ragu, ƙarar injin ta yi laushi, ko da cikakken lodi ba ta nishi kamar da. Gani ya kori ji.

Sabi'u Kayan Mota: Maganar Laminu ita ce. Turawa ne suka yi maganin, ba mu ba. In ta ƙare ka leƙo shago Alhaji, akwai ta Jamus.

Isuhu: Mai kaya ya fito 😂

Malam Habu Pompo: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai: wane injin ne, 5L ko D-4D? Yaushe rabonka da canza filtir ɗin gazuwal? Na iska fa? Kuma a ina kake shan mai, a gidan mai kaɗai ko har da bido?

Alhaji Lawali: D-4D ce Malam Habu, 2KD. Filtir kam tun wajen babbar salla. Mai a gidan mai nake sha in ina gari, amma in na shiga ƙauye sayen riɗi wajen Dungas, wanda na samu shi nake zubawa.

Malam Habu Pompo: To ajiye kwalbar tukuna. Abin da ka faɗa yanzu ya fi kwalbar nauyi.

Malam Mamman: Kafin makanikai su shiga cikin injin, ku bar ni in yi lissafin aljihu, don shi ne nawa aikin. Tun Yulin 2024 da gwamnati ta rage kuɗin mai, litir ɗin gazuwal ya sauko daga 668 zuwa 618. Tankin Hilux litir 80 ne. Cika shi ke nan sefa 49,440. Kwalbar jika huɗu kuɗin litir shida da rabi ce. Ma'ana, sai ta rage maka litir shida da rabi a kowane tanki, wajen kashi 8 cikin 100, sannan ka mayar da kuɗinka kawai, ba a zo maganar riba ba. Laminu, tsakaninka da Allah, tankinka yana ƙara kai ka kashi 8 cikin 100 na tafiya?

Laminu Hiace: Malam ni ban auna da biro ba. Amma ƙafata ta san motata.

Malam Mamman: Ƙafa ba ta ƙirga litir, ƙanena.

Nura: Barka da hantsi iyayena da yayyena. Fannin mai na karanta, bari in sa baki kaɗan.

Ƙarfin da ke tura mota yana cikin gazuwal ɗin kansa, kuma kusan ƙayyadadde ne a kowane litir. Kwalbar da ake sayarwa yawanci ba ta wuce mililitir 300 ba. A cikin litir 80 ko rabin kashi ɗaya cikin 100 ba ta kai ba. Ba ta da inda za ta samo ƙarin ƙarfin da za ta ba injin. Abin da ke cikinta galibi iri uku ne. Akwai sinadarin wanki, mai narkar da dauɗar da ke taruwa a bakin injekta. Akwai mai ɗaga lambar setan. Akwai mai ƙara santsi don kada ƙarafan pompo su ci juna. Sauran abin da ya cika kwalbar ruwan narkarwa ne dangin kalanzir.

Setan ita ce ma'aunin saurin kama wutar gazuwal bayan an fesa shi cikin silinda. In ta yi ƙasa, mai yana jinkiri, ya taru, sannan ya kama gaba ɗaya, shi ne ƙwanƙwasar da kuke ji da farin hayaƙin safe. Dokar Turai ta ce kada ta gaza 51, ta Amurka 40. In an ɗaga ta, mota tana saurin tashi da sanyi kuma ƙararta tana laushi. Don haka abin da kunnen Yaya Laminu ya ji zai iya zama gaskiya. Amma laushin ƙara daban, ragin shan mai daban. Da zarar setan ta kai abin da aka ƙera injin a kansa, ƙarin da ka yi ba ya komawa kilomita.

Laminu Hiace: To ka ga ni ma an ce ina da gaskiya.

Nura: Rabinta Yaya 😄

Ibrahim Brusal: Salam daga nan. Ni motoci nake turowa gida, kuma a nan Turai kusan kowane babban gidan mai pompon gazuwal biyu ne, na yau da kullum da mai tsada: Shell na da V-Power, TotalEnergies na da Excellium, BP na da Ultimate. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tushen man ɗaya ne. Daga depo ɗaya siternoni suke lodi, sai kowane kamfani a zuba masa nasa sinadarin lokacin lodin. Kuma in ka tsaya ka karanta ƙananan rubutun tallar, za ka ga ragin shan man da suke faɗa yawanci sun kwatanta ne da injin da injektocinsa suka riga suka yi dauɗa. Wato ya dawo da abin da ka rasa. Motar da ke da tsabta ba ta da abin da za a dawo mata da shi.

Isuhu: Mu nan ma ai duk kanwar ja ce. Gazuwal ɗin gidajen man Damagaram ba daga matatar mai ta SORAZ yake fitowa ba? Ga ta nan kan hanyar Tanut, kilomita hamsin da ƴan kai. Tun 2011 take tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana aka gina ta a kai, SONIDEP, kamfanin mai na gwamnati, ke ɗauka ta raba. Fentin gidan mai ne ya bambanta.

Malam Habu Pompo: Isuhu, a ƙofar matatar mai ɗaya ne. A bakin tankinka ba ɗaya ba ne, kuma nan ne maganar take. Tsakanin matatar mai da motarka akwai siterni, akwai tankin ƙasa na gidan mai, wani sa'in akwai duro, akwai bido, akwai mazurari da ke kwance cikin rairayi tun safe. Ni nake kwance pompo da injekta kullum, bari in gaya muku abin da nake tararwa.

Jiya aka kawo mini wata D-4D daga wajen Magarya. Na kwance filtir, na buɗe ƙaramin kokon da ke ƙasansa, na tara a kwalbar ruwa da na yanke wa kai. Minti biyu sai abin ya rabu: gazuwal a sama, ruwa a ƙasa ya kai kaurin yatsa biyu, launin shayi, ƙarƙashinsa kuma ɗan jan gari na tsatsa da ƙura. Na zare allurar injekta ɗaya, jikinta da ya kamata ya yi sheƙi ya yi dishi-dishi da zane-zane. Mai motar ya ce wata uku yana zuba magani. Wane magani ne zai mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye?

Tsofaffin injina irin 1HZ na Land Cruiser ko 5L, injektarsu tana buɗewa a bar ɗari da ɗoriya (bar ma'aunin matsi ne), kuma suna da haƙuri. Injin zamani da ake kira kwaman rel, irin na Alhaji, yana matsa mai har bar 1,600, sababbi suna kai 2,000 har su wuce. Ku tuna tayar motar bar biyu da ɗan abu ake sa mata. Ramukan fesawa kuma ba su kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. A wannan matsi, ƙurar da ido ba ya gani ita ke huda ƙarfe, ruwa kuma yana kawar da santsi ya kawo tsatsa. Shi ya sa filtir ɗinsu yake tace abin da bai wuce mikron biyu zuwa biyar ba, in na gaske ne (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na jabu kwali ne kawai a cikin gwangwani.

Sabi'u Kayan Mota: Malam Habu kada a ɓata mana suna. Muna ajiye na gaske, mutane ne ke cewa a ba su na araha.

Malam Habu Pompo: Ban kama sunan kowa ba Sabi'u. Kuma gaskiyarka, mutum zai ƙi ƙara jika uku a filtir, ya je ya ba da jika huɗu a kwalba. Wannan ne ke ba ni haushi.

Baba Tanko: Yara kun cika surutu. Mu da muka yi Agadas da Dirku da Bilma da tsohuwar Mercedes, wa ya san wata kwalba? In man ya yi mana ruwa-ruwa a hannu, ka ji ba shi da maiƙo, sai mu tsiyaya ɗan baƙin mai a tanki. Wasu ma kafur suke jefawa. Motocin sun kai mu sun dawo da mu.

Malam Habu Pompo: Allah ya ƙara lafiya Baba. A motarku ya yi, don pomponku mai layi ne, baƙin man injin ne ke shafa masa ƙasa, kuma ba abin da ba ya haɗiya. Amma don Allah yaran da ke karantawa kada su kwaikwaya a D-4D. Pomponta da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi. Baƙin man da aka juye yana ɗauke da garin ƙarfe da toka. Kafur kuma ba ya narkewa duka, filtir yake toshewa.

Baba Tanko: To motar da ba ta iya shan abin da aka samu a daji, ta ado ce.

Isuhu: Baba ya rufe taro 😂😂

Nura: Baba ya taɓo wata magana ta gaske, wato maiƙo. A Turai da aka fara cire salfa daga gazuwal, wato farar wuta, a farkon shekarun 1990, pompuna sun yi ta lalacewa a Suwidin, saboda aikin cire ta yana tafiya da sinadaran da ke ba man santsi. Tun daga nan matatu suke zuba maganin santsi da kansu kafin man ya fita. Tun 2009 gazuwal ɗin Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na salfa, CEDEAO kuma, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2020 ta tsayar da 50 a matsayin abin da za a bi. Ke nan man da ya fito ta hanya yana da abin da yake bukata. Wanda ke rasa maiƙo shi ne wanda aka surka da kalanzir ko esansi don ya yi yawa. Esansi ya fi muni, yana kashe santsi kuma yana sauke setan.

Laminu Hiace: Ai shi ya sa nake zubawa! Ban san abin da ke cikin bidon ƴan ruwa-ruwa ba, kwalbar ce garkuwata.

Nura: Yaya in an surka litir 20 na kalanzir a duro, mililitir 300 ba zai gyara shi ba. Kuma ruwa fa? Wasu kwalaben da aka rubuta suna cire ruwa, barasa ce a ciki. Ba cire shi take yi ba, haɗa shi take da man, sai ya wuce kokon da aka yi don ya tare shi, ya tafi kai tsaye cikin injekta. A injin esansi ba laifi, a kwaman rel kuwa ɓarna ce.

Harisu: A yi mana adalci dai. Ba duk mai bido ne ke surki ba. Ni ma ina sayarwa a bakin hanya, ina tacewa da ƙyalle, bidona a rufe suke. Kuma a ƙauyen da ba gidan mai wa zai ba ku? Sannan na ga gidan man da bayan ruwan sama tankinsa ya sha ruwa, motoci suka yi ta mutuwa a gabansa.

Malam Habu Pompo: Gaskiya ne Harisu, na gyara irinsu. Ƙyalle yana tare tsakuwa da ƙwaro, ba ya tare mikron biyar, amma wanda ya tace ya fi wanda bai tace ba. Shawarata ga mai shan bido: a bar man ya kwanta, kada a girgiza, kada a juye na gindi. A gidan mai kuma in ka ga siterni yana saukewa, wuce ka dawo anjima, don lokacin ne lakar ƙasan tanki take tashi.

Hajiya Rabi: Sallama dai maza. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ba mota ba ce, gurup ne, wato injin wuta, na yin ƙanƙara. In wuta ta zauna sai ya yi makonni ban tayar ba, lokacin zafi kuma ba ya hutawa. Bana da aka buɗe tankin sai ga wani abu baƙi mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana, ya liƙe a filtir. Yaron da ke duba mini ya ce in sayi irin kwalbar da kuke faɗa. In saya?

Nura: Hajiya, naki ne wurin da magani yake aiki sosai, sai dai ba irin na Alhaji ba. Wannan yauƙin ƙwayoyin halitta ne, suna rayuwa a daidai inda ruwa da gazuwal suka haɗu a gindin tanki, suna cin man. Ruwan kuma daga iska yake zuwa: tankin da ke rabi yana shaƙar iska mai laima da damina, dare ya yi sanyi ta zama raɓa a bangonsa ta gangara ƙasa. Akwai maganin kashe su, a jikinsa za a ga an rubuta biocide. Amma sai an fara zubar da ruwan an wanke tankin, in ba haka ba gawarsu ce za ta sake toshe filtir. Bayan nan ki riƙa barin tankin a cike in zai zauna.

Hajiya Rabi: Allah ya yi albarka ɗana. Ashe wanki ne gaba.

Ibrahim Brusal: Ƙarin abu ɗaya Sabi'u, ba don in taɓa kasuwarka ba. Cikin kwalaben da ake lodawa daga nan akwai na hana gazuwal daskarewa lokacin ƙanƙara. Na ga irinsu a shaguna a gida ana sayarwa a matsayin maganin ƙarfi. Sanyin Janairu na Damagaram ba ya kai inda za a bukace su. Sannan masu motocin Turai na bayan 2009 da ke da matatar hayaƙi a salansa, su yi hattara da duk maganin da ke barin toka, don tokar ba ta ƙonewa, can take taruwa.

Sabi'u Kayan Mota: Ni nawa na wankin injekta ne, ku zo ku karanta. Kuma ku faɗi gaskiya, ba wanda ya taɓa amfana?

Malam Habu Pompo: Akwai. Motar da ke yawo cikin gari kawai, Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, tana yawan tsayawa injin na aiki, bakin injektarta yana yin baƙin kaskon dauɗa, feshin ya karkace. In ƙarfen bai ci ba, maganin wanki na kirki a tanki ɗaya ko biyu, haɗe da doguwar tafiya, yana iya buɗe shi. Na gani a kan na'urar gwaji, feshin ya gyaru. Wannan sau ɗaya ne a lokaci mai tsawo, ba kowane cikawa ba. Kuma ragin da za ka samu shi ne ƙarin da dauɗar ta jawo, ba ƙasa da yadda motar ta fito daga kamfani ba.

Laminu Hiace: To ni me ya sa na ga hayaƙina ya ragu?

Malam Habu Pompo: Ranar da ka fara zubawa, ba ranar da ka zo bidanji ba ce? Yarona ya busa maka filtir ɗin iska, ƙurar da ta fito ta rufe mu. Baƙin hayaƙi yawanci ƙarancin iska ne.

Laminu Hiace: Ranar ce. Amma wannan ba hujja ba ce cewa kwalbar ba ta yi komai ba.

Malam Mamman: Daidai, ba hujja ba ce, kuma ba hujja ba ce cewa ta yi. Abu biyu aka canza rana ɗaya. Ga wani kuma: wanda ya kashe jika huɗu don ya ga ragi, ƙafarsa tana sassautawa bai sani ba. Gudun 120 da na 90 kaɗai bambancin mansu ya fi abin da kowace kwalba ke alkawari, don turjiyar iska tana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Ka ɗora buhuna da akuyoyi a kan rufi, ka fuskanci iskar hunturu kana tafiya gabas, ka dawo tana tura ka ta baya. Wace rana za ka kwatanta da wace?

In kana so mu sani da gaske, ga yadda za a yi. Pompo ɗaya, a cika har wuya kowane lokaci, a rubuta litir da lambar kilomita. Zuwa da dawowa ake haɗawa, ba zuwa kaɗai ba. Tanki da yawa, wasu da magani wasu babu. Kuma ba kai za ka zuba ba, Malam Habu ne zai zuba ko ya ƙi zubawa ba tare da ya gaya maka ba, ya rubuta a littafinsa. A ƙarshe mu buɗe littafi biyun.

Laminu Hiace: Na yarda. Amma wa zai sayi kwalaben?

Isuhu: Sabi'u mana, tunda ya tabbata da kayansa.

Sabi'u Kayan Mota: Zan ba da biyu. In ta nuna ragi, Malam Mamman ya biya ni kuɗinsu a gaban jama'a.

Malam Mamman: In ragin ya kai kashi 8 cikin 100 zan biya. Ƙasa da haka kai ka ci riba, ba Laminu ba.

Sabi'u Kayan Mota: A'a, kashi 8 ya yi yawa, a sa 3.

Nura: Kashi 3 zai ɓace cikin bambancin lodi da iska, sai an yi tanki da yawa sosai kafin a gane shi. Kwalba biyu ba za su isa ba, a ƙalla a samu huɗu.

Sabi'u Kayan Mota: Huɗu kuma? Nura kai da wa kake?

Malam Habu Pompo: Ku daidaita ku sanar da ni. Laminu, kafin a fara ka kawo ta in canza filtir biyun in duba iskar tayu, don kada a ce daga baya su ne. Ranar Alhamis da safe, Juma'a ba na buɗewa sai bayan masallaci.